Ɗanyen Ƙwai a Cikin Takalmi

A ƙarshen watan Nuwamba na 1888, wani ɗan garin Sheffield na Ingila mai suna George Littlewood ya shiga zauren Madison Square Garden da ke New York domin tseren kwana shida. Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar ganewa. Ana farawa da tsakar daren Lahadi wayewar Litinin, a yi ta zagaya fili guda da aka shimfiɗa wa dusar katako. Mai son gudu ya gudu, mai son tafiya ya taka, wanda barci ya ci ƙarfinsa ya shiga 'yar bukkarsa a gefen fili ya ɗan runtsa. Ran Asabar da dare sai a ƙirga wanda ya fi kowa cin nisa. An tsaya a kwana shida ne saboda a wancan zamani ba a yarda a yi irin wannan shagali ranar Lahadi ba. Littlewood ya gama da mil 623, wato sama da kilomita 1,000, kuma sai da aka shekara 96 kafin Yiannis Kouros ɗan Girka ya zarce shi a 1984.

Abin da masu tarihin wasan suka fi maimaitawa game da wannan mako shi ne abin da ya faru ana gab da gamawa. Littlewood yana zaune ya tsoma ƙafafunsa cikin kwanon barasa, sai wani ya jefa ashana mai ci a ciki. Wuta ta kama, ta ƙone masa ƙafafu, amma ya cije ya koma fili. Tun da caca ake yi da maƙudan kuɗi a kan waɗannan tsere, ba a sha wahalar zaton dalilin mai ashanar ba. Abin tambaya a nan shi ne, me ya kai ƙafar mai hankali cikin kwanon barasa tun farko?

Bororo ne. Wannan ɗan ƙurji mai ruwa da sabon takalmi kan bari a diddige, wanda yaro kan fasa da ƙaya ya ci gaba da wasansa, shi ne abokin gabar da masu gudun fanfalaki suka fi daɗewa suna fama da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: mutum yana da huhu da zuciya da ƙwanjin da za su kai shi kilomita 100, amma wuri kamar faɗin kwabo a tafin ƙafa ya ɗuri ruwa ya zaunar da shi a bakin hanya. Cikin shekara ɗari biyu da suka wuce, kowane zamani ya samo wanda zai ɗora wa laifin, kuma maganin da aka yi ya bi sawun zargin.

Zargi na farko ya faɗa kan fatar kanta, wai ta cika laushi. Mutanen ƙarni na 19 sun ɗauki fatar ƙafa kamar yadda majemi yake ɗaukar fatar akuya. Majemin Kano ko na Sakkwato yakan jiƙa fata a ruwan bagaruwa har ta yi ƙwari. Ɗan tseren Landan kuwa sai ya jiƙa tasa tana jikinsa, a barasa ko ruwan gishiri, yana neman ta yi kanta. Al'adar ta yi tsawon rai. Jock Semple, mutumin Sikotilan da ya yi ta gudun Boston a shekarun 1930, ya ba da labarin yadda yakan jiƙa ƙafafunsa da dare a ruwan gishirin da ake adana naman sa a ciki. Shahararren ɗan damben nan Jack Dempsey ma da irin ruwan yake wanke fuskarsa don kada naushi ya tsaga ta.

Wasu kuma santsi suka nema. Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin, wanda ya yi yawo a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, ya fitar da littafin shawarwari ga matafiya a 1855 mai suna The Art of Travel. A ciki ya shawarci mai doguwar tafiya ya goga sabulu a cikin safarsa har ta yi kumfa kafin ya sa ta, kuma idan takalmin fata ya yi tauri, ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki ya zura ƙafa. Ga wanda ƙafarsa ta riga ta tashi, sai ya ɗiga kitsen kyandir a tafin hannu, ya gauraya da barasa, ya murza lokacin kwanciya. Yadda takalmin zai yi wari bayan kwana uku a rana, wannan matsalar abokan tafiya ce. Sojojin Jamus da masu hawan duwatsunsu da kitsen barewa suke shafe ƙafa, kuma har gobe ana sayar da shi a kantunan magani na ƙasar. Sannan aka samu abin da ya ture su duka. A 1859 wani matashi masanin haɗa sinadarai, Robert Chesebrough, ya je rijiyoyin mai na Titusville a jihar Pennsylvania, ya ga ma'aikata suna lakato wani maiƙo da ke taruwa a jikin sandunan famfo suna shafawa a ƙuna da yanka. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872 da sunan Vaseline. Tun daga nan da wuya a je mafarin wani tsere ba a ga kwalbarsa tana yawo hannu zuwa hannu ba.

Sojoji ne suka fara waiwayar takalmin da kansa, domin runduna da ƙafa take tafiya, kuma sojan da ke ɗingishi bindiga ɗaya ce ta ragu. Wani likitan sojan Amurka, Edward Munson, ya jagoranci kwamitin da ya auna ƙafafun sojoji kusan 2,000, har da ɗaukar hoton ƙashi, ya tarar yawancinsu takalman da suka yi musu kaɗan suke sawa. A 1912 ya fito da sabon fasalin takalmi mai faɗin gaba, inda yatsu za su baje idan mutum ya ɗauki kaya. Rasha kuwa ta bi tata hanyar: maimakon safa, sojanta ƙyalle yake naɗewa a ƙafa, idan gefe ɗaya ya jiƙe ya warware ya juya busasshen. Sai a 2013 aka ba da umarnin daina wannan naɗi baki ɗaya.

Babu inda bororo ya yi suna kamar tseren da wani dillalin wasanni, C. C. Pyle, ya shirya a 1928. Ranar 4 ga Maris mutum 199 suka tashi daga Los Angeles za su ratsa Amurka da ƙafa har New York, nisan mil 3,423, a fara da bin sabuwar hanyar nan mai lamba 66 wadda a lokacin yawancinta ba kwalta. 'Yan jarida ba su ɓata lokaci ba suka laƙaba wa tseren Bunion Derby, wato sukuwar masu kumburin yatsa. Pyle bai ji haushi ba, don abin nema ne ya samu. Cikin lissafinsa har da wani akwatin magungunan ƙafa da ya yi niyyar sayar wa Amurkawa bayan tseren, yana ganin duk wanda ya karanta labarin ƙafafun da suka saluɓe a hamadar Mojave zai sa hannu a aljihu.

Kwana 84 aka yi. Mutum 55 ne suka isa. Wanda ya zo na ɗaya, Andy Payne, saurayi ne ɗan shekara 20 daga ƙabilar Cherokee ta Oklahoma, ya karɓi dala 25,000 ya biya bashin da ke kan gonar mahaifinsa. Abin mamaki, waɗanda suka tsallake makonnin farko ƙafafunsu sun saba, kuma Peter Gavuzzi da ya daɗe yana kan gaba ciwon haƙori ne ya fitar da shi. Akwatin Pyle dai bai yi kasuwa ba. Da ya sake shirya tseren a 1929 ya karye, waɗanda suka ci ba su ga kuɗinsu ba.

A can Japan labarin ya bi ta shagon wani maɗinki. Japanawa suna da wata safa mai kauri da suke kira tabi, wadda babban yatsa yake da ɗakinsa daban, sauran huɗun su haɗu a ɗaki guda. Da ita wani ɗalibin kwalejin horar da malamai ta Tokyo, Kanakuri Shizo, ya shiga gwajin zaɓen 'yan Olamfik a 1911. Tafin yadi ne, tun kafin a gama ya yage, ya ƙarasa da ƙafa tsirara, kuma duk da haka ya zo na ɗaya. Sai ya koma wurin mai shagon Harimaya da ke kusa da makarantarsu, Kurosaka Shinsaku, aka ninka masa tafin. Da wannan ya yi tafiyar kwana 18 ta jirgin ruwa da jirgin ƙasan Saberiya zuwa Stockholm.

Ranar tseren, 14 ga Yulin 1912, ta zo da zafin da Suwidin ba ta saba gani ba. Kusan rabin waɗanda suka tashi ba su kai ƙarshe ba. Wani ɗan Fotugal, Francisco Lázaro, ya shafe jikinsa da kitse don kare rana, kitsen ya hana zufa fita, ya faɗi a hanya, washegari ya cika. Garin neman gira aka rasa ido. Kanakuri shi ma ya galabaita a wajen kilomita 27, wasu mutanen gida a bakin hanya suka shigar da shi suka ba shi abin sha. Kunya ta hana shi komawa filin wasa, ya kama hanyar gida bai sallami kowa ba, har Suwidawa suka daɗe suna lissafa shi cikin waɗanda suka ɓata. A 1967 aka gayyato shi yana tsoho ya tsallake layin ƙarshe, aka rubuta masa shekara 54 da wata 8 da kwana 6 da awa 5 da minti 32.

Wannan ɓangaren kowa ke so, amma aikin da ya yi bayan ya koma gida ya fi shi amfani. Shi da Kurosaka suka yi ta gyara tabi: suka rage mata tsawo, suka sa mata igiyar ɗauri, suka manna mata tafin roba. A 1919 Kanakuri ya gwada ta da gudun kusan kilomita 1,200 daga Shimonoseki zuwa Tokyo cikin kwana 20. Da irin wannan tabi Sohn Kee-chung, ɗan Koriya da mulkin mallaka ya tilasta wa gudu da sunan Japan, ya ci zinare a Berlin a 1936, da ita kuma Tanaka Shigeki ya ci tseren Boston a 1951, Amurkawa suna kallon ƙafarsa mai kama da kofaton akuya.

Tabi ta magance yagewar tafi, bororo kuwa yana nan. Har shekarun 1950 manyan 'yan gudun Japan sun ɗauke shi a matsayin harajin sana'a, wanda bai iya jure shi ba ya nemi wani wasan. Onitsuka Kihachiro, tsohon soja da ya buɗe kamfanin takalma a Kobe a 1949, bai yarda da haka ba. Mutum ne mai ɗaukar dabara daga inda ba a zato. Tafin takalminsa na ƙwallon kwando daga ƙafar dorinar ruwa da ya gani a kwanon abinci ya kwaikwayo shi. Ya je wurin wani likita malamin jami'a a Osaka, aka ce masa bororo ɗan uwan ƙuna ne, zafin da dukan ƙasa da gugar takalmi ke haifarwa shi ke sa jiki ya turo ruwa wurin. To, in zafi ne, sai a sanyaya. Ya fara da dabarar injin mota, ya sa ruwa a tafin takalmi, abin ya yi nauyi ya kuma jiƙa ƙafa sharkaf. Sai ya koma dabarar injin babur, wanda iska ke sanyaya shi. Ya huhhuda gaban takalmin da gefensa, ya yi saman da yadi mai shan iska, ta yadda duk taku zai fitar da iska mai zafi, duk ɗagawa ya zuƙo sabuwa, kamar zugazugin maƙeri. Wajen 1960 takalmin ya shiga kasuwa da sunan Magic Runner, kuma 'yan gudu suka shaida cewa ƙafafunsu sun samu sauƙi. Kamfanin shi ne ya zama ASICS a 1977.

Daidai wannan lokaci wani dogarin Sarkin Habasha ya warware matsalar ta hanyar da ba a sayarwa. Abebe Bikila ya isa birnin Rum don gasar Olamfik ta 1960 ba wanda ya san shi. Sabon takalmin da ya samu a can bai zauna masa ba, da ya gwada shi a atisaye sai ƙafarsa ta yi bororo. Shi da mai horar da shi, Onni Niskanen ɗan Suwidin, suka yanke shawarar a ajiye shi. Ranar 10 ga Satumba, da yamma aka tashi don gudun zafin rana, duhu ya riske su a tsohuwar hanyar Appia mai shimfiɗar duwatsu, sojojin Italiya suna riƙe da tocilan wuta a gefe. Abebe da Rhadi Ben Abdesselam ɗan Maroko suka bar kowa a baya. Da suka iso gindin dogon dutsen Aksum, wanda sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937, sai Abebe ya ƙara mai. Ya gama a awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinaren Olamfik. Ɗan ƙasarsu Abebe Wakjira ya zo na bakwai, shi ma ba takalmi.

An daɗe ana ɗora wa wannan dare ma'anoni iri-iri, wasu su ce talauci ne, wasu su ce jarunta ce. Wanda ya dubi abin da idon sana'a zai ga lissafi ne kawai. Mutum ya taso yana kiwo a tsaunukan Shewa, tafin ƙafarsa ya san dutse shekara da shekaru, takalmin kuwa kwana kaɗan ya san shi, sai ya zaɓi wanda ya sani. Abebe ba maƙiyin takalmi ba ne. A 1961 ya je Osaka, Onitsuka ya same shi a masauki ya nuna masa cewa titunan Japan ba su rasa fasassun kwalabe, ya ɗinka masa mara nauyi, ya sa ya ci tseren. A Tokyo a 1964, ƙasa da mako shida bayan an yi masa tiyatar cire ɗan hanji, ya sa takalmin Puma da farar safa ya sake cin zinare a awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11.

Darasin da Abebe ya kiyaye shi ne Bobbi Gibb ta saya da tsada. A 1966 an hana ta shiga tseren Boston, aka rubuto mata cewa jikin mace ba zai iya wannan nisa ba. Ta hau bas daga San Diego ta kwana uku a hanya, ta laɓe cikin shuke-shuke kusa da mafari sanye da gajeren wandon ɗan'uwanta, da aka tashi ta faɗa cikin maza. Duk atisayenta da takalmin fata irin na ma'aikatan jinya ta yi shi, amma ranar tsere sai ta sa sabo fil na yara maza. Kafin a kai mil na ƙarshe ƙafafunta sun fashe suna jini, tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi. Ta gama a awa 3 da minti 21 da daƙiƙa 40, gaban kashi biyu cikin uku na mazan. Dokar da kowane mai horarwa ke nanatawa a yau, cewa ranar tsere ba ranar gwada sabon abu ba ce, da irin wannan jini aka rubuta ta.

Yayin da ake wannan a tituna, likitocin fata sun shiga ɗakin gwaji. A 1955 wani likitan Ingila, P. F. D. Naylor, ya haɗa wata 'yar na'ura mai goga fatar ƙwaurin masu sa kai gaba da baya, yana ƙirga sau nawa za a goga kafin fata ta ba da kai. Bayansa likitocin sojan Amurka ƙarƙashin Marion Sulzberger suka ɗora a shekarun 1960. Abin da suka gano ya sha bamban da ƙuna. Idan ƙafa ta dira, ƙashin da ke ciki yakan ɗan zame gaba, alhali fatar waje ta manne da safa, safa ta manne da takalmi. Naman da ke tsakani sai ya ja ya dawo. Sau ɗaya ba komai, amma a tseren kilomita 42 da mita 195 taku dubun-dubata ne. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye: wani hawa a tsakiyar fatar sama yakan tsage daga ciki, saman yana nan lafiya lau, cikin awa biyu ruwa ya cika gurbin. Shi ya sa tafi da diddige, inda fata take da kauri kuma take manne da nama, suka fi yin bororo, cinya kuwa sai dai ta saɓule.

Sun kuma gano cewa busasshiyar fata tana da santsi, wadda ta jiƙe jagab ma haka, amma mai ɗan danshi ita ce ke kama safa ƙam. A nan aka ga cewa Onitsuka ya yi kuskuren dalili ya dace da magani, domin hujojin da ya yi don korar zafi sun rage zufa. Su kuma masu jima rabin gaskiya suka riƙe. Fata tana sabawa idan aka ƙara mata aiki sannu a hankali, kamar yadda ya faru da mutanen Pyle, amma kanta mai kauri da kaushi ba kariya ba ce, bororo yakan tashi a ƙarƙashinta inda ya fi zafi kuma ya fi wuyar tsiyayewa. Vaseline ma bai tsira ba. Wani gwaji na 1981 ya nuna cewa maiƙo yana rage guga da farko, bayan wasu awoyi kuma, idan ya shige fata ya tausasa ta, gugar takan wuce yadda take tun asali. Mai tseren awa biyu ya ci riba, mai yini a hanya idan bai ƙara shafawa ba, an gudu ba a tsira ba.

Daga nan hankali ya koma kan safa. A 1990 likitocin ƙafa biyu a California, Kirk Herring da Douglas Richie, suka gwada safar auduga da ta zaren roba a ƙafafun masu gudu 35, suka tarar auduga ta fi kawo bororo, kuma nata ya fi girma, saboda tana shan zufa ta riƙe. Sojoji suka gwada safa biyu, siririya mai santsi a ciki, mai kauri a waje, don zamewar ta faru tsakanin safa da safa. A makarantar hafsoshi ta West Point an gwada maganin hana zufa a ƙafafun ɗalibai 667 kafin tafiyar kilomita 21. Cikin waɗanda suka shafa shi aƙalla dare uku, kashi 21 cikin ɗari ne suka yi bororo, cikin waɗanda ba a ba ainihin maganin ba kuwa kashi 48. Sai dai fiye da rabin masu shafawar sun koka da ƙaiƙayi da jan fata.

Duk waɗannan dabaru, tsoho da sabo, a Sahara suke haɗuwa kowace shekara. A 1984 wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya yi tafiyar kilomita 350 shi kaɗai cikin kwana 12 a hamadar Aljeriya, ya dawo da tunanin tsere. A 1986 mutum 23 suka buɗe Marathon des Sables a kudancin Maroko: kusan kilomita 250 cikin mako guda, kowa da abincinsa a baya. Rairayi shi ne sabon maƙiyi, don ƙwaya kaɗan a cikin safa sun isa. Saboda haka kafin tafiya ake kai takalmi wurin shumeka ya ɗinka masa maɗauri a kewaye, a lulluɓe shi da wata riga har idon sawu, kuma a sayi wanda ya fi ƙafa girma tun da za ta kumbura. Faransawa har yanzu suna kiran shirin da suke yi wa ƙafa da kalmarsu ta jima. Makonni kafin tsere suna shafa ruwan lemon tsami don fata ta yi ƙwari, sannan su bi da mai don kada ta bushe ta yi faso. Man da suka fi yarda da shi, Nok na kamfanin Akileïne, da man kaɗe ake haɗa shi, wanda matan Afirka ta Yamma suka daɗe suna shafa wa kaushi tun kafin a san da wani tsere.

Duk da haka, kowace yamma layi ne a gaban tantin likitocin tseren, waɗanda aka daɗe ana kira Doc Trotter. Ana wanke ƙafa, a huda bororon, a tsiyaye ruwan, a ɗura wani jan magani mai busar da ciwo, a naɗe. Ba a yaye fatar saman idan tana da kyau, don ita ce bandejin da ya fi kowane. Tsohuwar dabarar sojoji da matafiya ta zura allura da zare a bar zaren ya kwana yana tsotse ruwa, likitoci sun daina yarda da ita, domin hanyar da ruwa ke fita ita ce ƙwayar cuta ke shiga. Su kuwa 'yan gida irin su Lahcen Ahansal na Zagora, wanda ya ci tseren sau 10, ana gama zango suke komawa tantinsu su dafa shayi.

Bayan duk wannan, abin da gwaji ya fi tabbatarwa a baya-bayan nan abu ne mai arha har ya ba da dariya. Grant Lipman, likitan gaggawa a Jami'ar Stanford a lokacin, ya gaji da jin 'yan tseren hamada suna cewa horon watanni ya tashi a banza saboda ƙafa. Ya ɗauki mutum 128 a tseren kilomita 250 da aka yi a Jodan da Madagaska da hamadar Gobi da ta Atacama, aka manna wa kowa filastar takarda, irin wadda ake riƙe auduga da ita a asibiti, a wuraren da ya saba yin bororo. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna raguwar kashi 40 cikin ɗari. Naɗi ɗaya na filastar a lokacin bai kai dala guda ba, kuma da yake manninta ba shi da ƙarfi, ba ta yage fata idan aka zo ɓarewa.

Ranar 27 ga Satumban 2015 Eliud Kipchoge na Kenya ya tsaya a mafarin tseren Berlin sanye da takalmin gwaji da injiniyoyi suka ƙera domin ƙafarsa. Ba a yi nisa ba shimfiɗar cikin takalman biyu ta fara zamewa, ta leƙo ta bayan diddige tana kaɗawa kamar kunnen zomo. Tsayawa gyara na nufin barin abokan tsere su tafi, sai ya ci gaba a haka. Ya zo na ɗaya a awa 2 da minti 4 cif, daƙiƙa 63 bayan lokacin da Dennis Kimetto ya kafa a wannan titi shekara guda kafin nan. Da ya cire takalmin, ƙafar hagu duk bororo ce, babban yatsa ya yanke yana zubar da jini.